Tambaya da Amsa: Miyagun Kayan Kiɗa a Wasan Donkey Kong

Tambaya: Ƙanena yana buga Donkey Kong Country Returns a Nintendo Switch, kuma na lura cewa duk lokacin da ya kayar da babban abokin gaba, sai wani abu mai siffar kayan kiɗa ya fito daga jikinsa. Su wane ne waɗannan, kuma ina kadojin da muka sani a tsohon wasan suka shiga? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Sunansu Tiki Tak Tribe. Kamfanin Retro Studios na jihar Texas a Amurka ne ya ƙirƙiro su sa'ad da wasan ya fara fitowa a na'urar Wii a 2010, inda suka maye gurbin King K. Rool da rundunarsa ta kadoji, waɗanda kamfanin Rare na Ingila ya kawo tun 1994. Wanda ƙanenka yake bugawa sabon bugu ne da ya fito a 2025.

A labarin, dutse mai aman wuta ne ya fashe suka fito, suka riƙa juya hankalin dabbobin tsibirin da kiɗa domin su kwaso musu ayabar Donkey Kong. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa su kansu ne kayan kiɗan, domin ba su riƙe komai a hannu, kuma dabbobin da ake fafatawa da su tilasta musu aka yi. Shi ya sa kake ganin mugun yana fitowa daga jikin dabbar a jigace bayan ta faɗi, sannan goggon birin, wato Donkey Kong, ya rufe shi da naushi.

Na farkonsu shi ne Kalimba, wanda ya je har gida ya kaɗa wa Donkey Kong, sihirin bai kama shi ba. Sunansa na wani abin kiɗa ne na Afirka, ɗan katako mai siraran ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu, dangin mbira ta Zimbabwe. A bakin teku akwai Maraca Gang, caki uku da suka shiga jikin ƙaguwa uku. Sai Gong-Oh, da Banjo Bottom, da Wacky Pipes mai siffar sarewa, da Xylobone, da kuma Cordian wanda ya mallake wata kaza mai tuƙa mutum-mutumi a masana'anta. Shugabansu Tiki Tong ƙaton ganga ne a ƙololuwar dutsen, kuma a karawar ƙarshe sauran ne suke haɗuwa su zama hannayensa biyu.

Kadojin ba su dawo a wasan da ya biyo baya ba, wato Tropical Freeze na 2014, amma ba a rabu da kayan busa ba, domin shugaban maharan, Lord Fredrik, ƙaton ƙaho gare shi, kuma da busarsa ce aka daskarar da tsibirin gaba ɗaya.