Amsar Goggo Kan Zaman Jego

'Yata, tambayarki ta sa ni murmushi, daga baya kuma ta hana ni sukuni. Kin ce maigidanki yana ganin tafiya gida wankan jego tsohon yayi ne, kina kuma son sanin ko dole ne ki yi kunyar ɗan fari, ki ƙi ɗaukar jaririnki a gaban surukai.

Shekarar da na yi haihuwar fari, wata 'yar maƙwabtanmu ita ma ta dawo gida jego. Ranar suna gida ya cika, an yanka rago, ana ta guɗa, ita kuwa tana zaune a bakin gado ta juya wa yaron baya, ko kuka ya yi ba ta waiwayawa. Mata suka yi ta yabonta, wai ga 'yar gidan mutunci mai kunya. Kakarmu Inna ce kaɗai ba ta ce uffan ba. Da dare ta leƙa ɗakin, ta tarar da kunun kanwa da gasasshen nama yadda aka ajiye su tun hantsi, yarinya kuma idonta biyu, hawaye na zuba ba sauti. Washegari ta ce wa uwar yarinyar ai mai kunya satar kallon ɗanta take yi, wannan kuwa ko satar ba ta yi. Ta ɗauki tabarmarta ta koma ɗakin, kullum bayan wanka ta ɗora mata yaron a ƙirji, da dare ta karɓe shi don ta samu barci, har Allah ya sa ta fara yi masa wasa.

Inna takan ce kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in, shi ya sa ba a barinta ita kaɗai. Yanzu likitoci sun tabbatar irin halin da yarinyar nan ta shiga ciwo ne mai magani, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 20 cikin 100 na masu jego suna fama da damuwar ƙwaƙwalwa. Amma ku 'yan zamani sai a rufe yarinya a gida ita da waya, barka ma ta WhatsApp ake aikowa, wa zai lura ba ta ci abinci ba?

Kanwa da tafasasshen ruwa ba zan matsa miki a kansu ba, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Dakashi kuma, wato nonon farko da ake zubarwa a da, ki ba ɗanki tun sa'ar farko. In kuka da rashin barci suka wuce mako biyu, ko zuciya ta raya miki cutar da kanki ko yaron, a yi addu'a, a kuma tafi asibiti ranar nan.

Maganar tafiya gida, ki ce wa maigidan naki ya kira ni mu yi magana.