Naman ƙirjin sa a Teksas: me ya bambanta shi da sauran gashi, me kuma ya sa ya yi tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Dalas, jihar Teksas. Abokan karatuna sun kai ni gidan gashin da suke kira babikyu. Na sayi rabin laba na naman ƙirjin sa da ɗan wake da lemo, kafin in ankara kuɗin ya doshi dala 30. Muna zaune musu ya kaure, ɗan Karolina yana cewa wannan ba babikyu ba ne sam, ɗan birnin Kansas yana cewa nama babu miya a kansa bai cika ba. Mene ne bambancinsu? Kuma tsadar nan ta gaskiya ce, ko cutar mutane ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyin naka biyu saiwarsu ɗaya. Kowane yanki na Amurka ya gina gashinsa a kan dabbar da ta fi araha a wurin da itacen da ke kusa, abin da ya sami Teksas kuma shi ne naman da aka zaɓa saboda araharsa ya daina araha.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ba a ɗora nama a bakin wuta mai ci. Zafi kaɗan ake ba shi da hayaƙin itace, a bar shi awanni masu yawa har ya yi laushi. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Ɗan Karolina da ya ce maka naman sa ba babikyu ba ne, maganar gidansu ya faɗa, domin a can alade ake nufi. A gabashin Karolina ta Arewa dabbar ake gasawa sukutum a kan garwashi, a daddatsa ta, a zuba ruwan khal da barkono. A yammacin jihar, wajen garin Lexington, kafaɗa kawai suke gasawa, suna ƙara ɗan tumatir a miyar. Karolina ta Kudu an san ta da miyar mastad mai ruwan ɗorawa. Birnin Memfis na jihar Tenesi shi ma alade ne, musamman haƙarƙari da ake barbaɗa wa busasshen yaji. Akwai abin da bai kamata a tsallake ba a tarihin wannan yanki: bayi 'yan asalin Afirka ne suka fi yin aikin haƙa rami da kwana a bakin garwashi, kuma zuri'arsu ce ta riƙe sana'ar bayan 'yanci.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan wannan zuri'a, Henry Perry, mutumin jihar Tenesi, shi ya fara sayar da gashi a birnin Kansas wajen 1908. Garin yana da manyan kwatoci a wancan zamani, don haka ba su tsaya a kan dabba ɗaya ba, sa da alade da kaza duk suna shiga. Miyar da aka san su da ita yau mai kauri ce mai zaƙi, ta tumatir da baƙin ruwan rake. Abokinka ɗan can shi ma gaskiyar garinsu ya faɗa. A gidan Arthur Bryant, wanda ya gaji layin Perry, ƙonannun gefen ƙirjin sa da ake datsewa a da kyauta masu bin layi ke ɗauka suna tauna. Yau waɗannan gutsattsarin suna cikin abin da ya fi tsada a gidajen gashin garin. Ka riƙe wannan, domin shi ne labarin tsadar a taƙaice.

Akwai wasu da ba a cika ambata ba. Owensboro a Kentaki naman tsohuwar tunkiya suke ƙyafewa da itacen hikori. A Decatur ta Alabama, gidan Big Bob Gibson da aka kafa a 1925 yana tsoma kaza a farar miya ta mayonis. Santa Maria a Kalifoniya suna gasa wani yanki mai kusurwa uku na ƙugun sa a kan jan itacen ok, da wuta mai ɗan ƙarfi.

Abin da ka ci kuwa na tsakiyar Teksas ne. Jamusawa da 'yan ƙasar Cek da suka yi ƙaura zuwa can a ƙarni na 19 sun buɗe shagunan sayar da ɗanyen nama. Babu firij, naman da ya yi kwantai kuma ba a son ya lalace, sai a yi masa gishiri da masoro a sa shi a hayaƙi. Masu tsinkar auduga da sauran 'yan ƙwadago su zo su saya, a auna masu a sikeli, a naɗe a takardar mahauta, su ci da hannu. Shi ya sa har yau ake sayar maka da awo, a shimfiɗa takarda a faranti, a ba ka yankan burodi da albasa. Cikin irin waɗannan gidajen, Kreuz Market da ke garin Lockhart tun 1900 yake, gidan Black's kuma tun 1932. Ƙirji bai zama sarkin naman ba sai wajen shekarun 1960, lokacin da manyan kamfanonin yanka suka fara rarraba sa gunduwa-gunduwa a kwali, mai gashi ya samu damar yin odar ƙirji zalla. Ya zaɓe shi ne domin babu mai sonsa. Tsoka ce da ke ɗauke da nauyin gaban dabba, cike da jijiya, idan ka gasa ta da gaggawa haƙori ba ya shigarta.

Ga yadda aikin yake a bakin tanda. Ƙirji guda yakan kai laba 12 zuwa 16, laba ɗaya kuwa giram 454 ce, ta ɗan gaza rabin kilo. Mai gashi zai fara da wuƙa, ya rage kitsen sama ya bar kamar kaurin ɗan ƙaramin yatsa, ya yanke siraran gefe da za su ƙone. Sai a sa shi a doguwar tandar ƙarfe wadda wutarta ke can gefe guda, zafin yana tsakanin digiri 107 da 135 a ma'aunin Salsiyos. Ba a tafiya a bar ta. Kowane rabin awa ko makamancin haka sai an ƙara itace, ana kallon bakin bututu, domin farin hayaƙi mai kauri yana sa nama ɗaci, siririn mai shuɗi-shuɗi ake nema. Idan zafin cikin naman ya kai wajen digiri 70 sai ya tsaya cak na awanni, saboda ruwan da ke fita yana sanyaya shi, a nan ne da yawa ke naɗe shi a takarda. Sai ya kai wajen digiri 95 jijiyar ke gama narkewa. Awa 12 zuwa 16 sun tafi, ban da hutun da ake ba shi kafin a yanka. Wanda ya yanka maka da rana, wani ne ya kwana bai runtsa ba domin wannan yankan.

To yanzu lissafi. Tsakanin abin da wuƙa ta cire da ruwa da kitsen da suka tsiyaye, kusan rabin nauyin ƙirji ne ke ɓacewa. A ƙaddara mai gidan ya sayi ɗanye a kan dala 5 kowace laba, guda mai laba 14 ya tsaya masa dala 70. Abin da zai kai kan katakon yanka laba 7 ne, ke nan kowace laba ta koma masa dala 10, bai sa itace ba, bai sa albashi ba, bai sa haya ba. A sana'ar abinci ana son kuɗin kayan ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na farashin sayarwa. Idan ka bi wannan ƙa'ida ka isa dala 30, kuma a fitattun gidajen Teksas laba ta riga ta haura hakan. Da yawa daga cikin masu sana'ar ribarsu a kan ƙirji ba ta taka kara ta karya ba. Wake da dankali da lemo da sosej su ke riƙe gidan.

Me ya ɗaga farashin ɗanyen? Na farko, shanun ne suka yi kaɗan. Ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka ta nuna shanu miliyan 87.2 a farkon 2024, adadin da ba a ga ƙasa da shi ba tun 1951, a farkon 2025 kuma ya sake sauka zuwa miliyan 86.7. Farin da aka yi, musamman a 2022, ya ƙone makiyaya, ciyawa da abincin dabbobi suka yi tsada, makiyaya suka sayar da iyayen shanu aka yanka. Garke kuwa ba ya dawowa a damina ɗaya. Saniya tana ɗaukar ciki wata 9, maraƙin yana buƙatar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya isa yanka. Kuma duk karsanar da makiyayi ya riƙe domin haihuwa, nama ne da bai je kasuwa ba, don haka farkon gyaran ma ƙara matse kasuwa yake yi. Ana cikin haka aka samu ɓullar wani ƙuda a Meziko wanda tsutsarsa ke cin naman dabba da ranta, Amurka ta dakatar da shigo da shanun can a Nuwamban 2024, ta sake rufewa a 2025, alhali daga can ake kawo sama da kai miliyan ɗaya a shekara. Ko niƙaƙƙen naman sa na kanti ya haura dala 6 a laba a tsakiyar 2025.

Na biyu, kowane sa ƙirji biyu ne da shi, babu na uku, masu nema kuwa sun ninka. Wani mai gashi, Aaron Franklin, ya fara sayarwa a ɗan tirela a birnin Austin na Teksas a 2009, mutane suka riƙa yin layi tun asuba, a 2015 ya karɓi lambar James Beard, wadda a da manyan masu girkin otal ake ba wa. A 2024 kundin Michelin, mai tantance fitattun gidajen abinci na duniya, ya ba gidajen gashi huɗu na Teksas tauraronsa na yabo. Manyan kamfanonin abincin gaggawa ma sun shigo, Arby's a 2013, Chipotle a 2021, kowannensu da dubban rassa. Ƙaramin mai tanda a ƙauye da su yake gogayya a kan ƙirji ɗaya. Kuma fitattun gidaje ba kowane ƙirji suke saye ba, mai daraja ta farko suke nema, wanda kitse ya ratsa tsokarsa, irinsa kuwa kaso kaɗan ne cikin shanun da ake yankawa.

Idan kana neman inda ya dace a sa ido, ni a ganina sama da mai gashi yake. Kamfanoni huɗu, Tyson da JBS da Cargill da National Beef, su ke yanka wajen kashi 85 cikin 100 na shanun turka a ƙasar. Makiyaya sun daɗe suna ƙorafin ana saye a hannunsu da arha a sayar da tsada, an kuma je kotu a kan haka. Mai tanda ba shi da bakin ciniki da irin waɗannan, abin da aka yanka masa shi zai biya.

Sauran tsadar ba ta gashi kaɗai ba ce, ta cin abinci a waje ce gaba ɗaya. Farashin abincin waje ya tashi da kashi 7.7 a 2022, da 7.1 a 2023, da 4.1 a 2024. Kayan cefane na kanti kuwa, bayan tsallen kashi 11.4 a 2022, sun lafa zuwa 1.2 a 2024. Dalilin da ya sa gidan abinci bai lafa tare da kanti ba shi ne mafi yawan kuɗin da kake biya na mutane ne da gini: albashin da ya tashi bayan annobar korona, haya, inshora, lantarki, da kason da kamfanonin kati ke cira a kowane ciniki. Albashi da haya idan sun hau ba sa saukowa. A kan wannan ka ƙara harajin sayarwa, wanda a Dalas kashi 8.25 ne, da tukuicin da na'urar biya ke nuna maka ko da a tsaye ka karɓi abincinka. Rabin labarka wataƙila dala 16 ko 18 ce, sauran kuwa wake da lemo da haraji da tukuici ne suka cika kuɗin. A gidan da ka bi layi ka ɗauko farantinka da kanka, tukuicin ganin dama ne, kashi 15 zuwa 20 da aka saba ga wanda ya yi maka hidima a tebur ne.

Shawarata, kada ka daina zuwa, amma ka sayi ƙirji domin ɗanɗano. Rubu'in laba ya isa ka san hannun mai gashi, ka cike da talotalo ko kaza, waɗanda ba sa asarar rabin nauyinsu kuma ba sa cin dare guda. Idan mai yanka ya tambaye ka wane gefe, ka ce mai kitse, ya fi laushi kuma kaɗan ɗinsa yana ƙosarwa. Ku je da yawa ku haɗa faranti ɗaya. Idan ka samu kumatun sa ka gwada, shi ne zuciyar gashin kudancin Teksas, inda ake naɗe kan sa a binne shi a rami mai garwashi ya kwana. Kada kuma ka sa ran farashin ƙirji zai faɗo nan kusa, tunda ko yau aka fara riƙe karsanoni sai an yi shekaru kafin 'ya'yansu su isa kasuwa.

Akwai abu guda da ba ka tambaya ba, amma wajibi ne in faɗa maka idan kana kiyaye halal. A yawancin gidajen nan tanda ɗaya ce ke ɗaukar ƙirjin sa da haƙarƙarin alade, wuƙa ɗaya da katako ɗaya. Sosej da aka rubuta na sa ne sau da yawa a hanjin alade ake ɗura shi, wani lokaci ma da gaurayen namansa, waken da ka saya kuma akan dafa shi da gutsuren alade. Ka tambayi mai yanka kai tsaye, ba sa jin haushin tambaya, kuma sun san abin da suka zuba. A Dalas da kewayenta akwai gidajen gashin Teksas da ke aiki da yankan halal kawai, Musulmin unguwarku za su nuna maka. Ƙirjinsu yakan ɗan ɗara na sauran a farashi, saboda masu yankan halal ba su da yawa kuma ba a saye a hannunsu da lodi.