Ku Tambayi Malaman Jinya: An sallamo shi daga asibiti, yanzu kuma sai me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 23 ya yi wata guda a kwance a asibiti, likitoci suka ce ciwon sikizofireniya ne, wani nau'in taɓin hankali. An sallamo mu da ƙwayoyi da wata takarda da nas ta ce tsarin jinyarsa ne, ni kuwa ban gane kanta ba. Tunda ya fara shan maganin sai barci, ga dalalar da yawu, hannunsa na rawa. Kawunsa ya ce a daina ba shi. Ina mafita? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada a daina ba shi maganin. Yanke shi haka kawai shi ne babban abin da ke tayar da ciwon, kuma sau da yawa ba a ganin illar sai bayan makonni ko watanni, lokacin da kowa ya sakankance cewa ya warke. Abin da kawunsa ya gani gaskiya ne, amma yana da gyara.

Rawar hannu, sandarewar jiki, tafiya a hankali da dalalar yawu an fi ganinsu ga masu shan haloperidol ko chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil. Ki koma da shi asibiti, ba sai ranar da aka rubuta a kati ta zo ba. Likita zai iya rage yawan maganin, ko ya canza shi zuwa risperidone ko olanzapine, ko ya haɗa masa da benzhexol, wato Artane. Kada a sayo Artane ɗin a kemis da ka. Matasa na shansa don maye, kuma yawansa na rikita tunani. Barcin kuma sau da yawa mayar da babban kason maganin zuwa bayan isha'i ke daidaita shi, in likita ya amince.

Abu biyu ne ba a kwana da su a gida. In wuyansa ya karkace, idanu suka kafe sama, harshe ya fito, mutane kan ce aljani ne ya buge shi, alhali aikin maganin ne, kuma allura ɗaya a asibiti kan sake shi cikin mintuna. Na biyun ya fi haɗari: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki gaba ɗaya, gumi da ruɗewa. A nan kam a tsayar da maganin a garzaya asibiti, kada a tsaya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro.

Ita kuwa takardar, ki ɗauko ta ki sa a karanta miki layi-layi. Kowane layi na ɗauke da matsalar da aka gano, inda ake son a kai, abin da za a yi da wanda zai yi shi, sai ranar da za a duba ko an samu ci gaba. Misali, matsalar ita ce ba ya wanka. Ana so cikin mako biyu ya riƙa wanka kullum da tuni ɗaya kacal. Ke za ki kai masa ruwa da soso da sabulu bayan karin kumallo, lokaci guda kullum, ki aje masa kayan sawa kala ɗaya, domin zaɓi tsakanin abubuwa da yawa na yi masa nauyi. Wannan mutuwar jikin daga ciwon take, faɗa da gori ba sa kawar da ita. Hasali ma an daɗe da gano cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da ake yawan kushe majinyaci ko sa masa ido fiye da kima.

Inda tsarin ya fi rushewa shi ne a ce kowa ne ke ba shi magani. Mutum ɗaya zai riƙe ƙwayoyin, ya ba shi, ya tsaya har ya haɗiye, ya sa alama a littafi. A wannan littafin za a riƙa rubuta awa nawa ya yi barci, ya ci abinci ko bai ci ba, da nauyinsa duk wata, musamman in olanzapine yake sha, don yana sa ƙiba kuma yana iya tayar da ciwon suga. In shan ƙwaya ya gagara, akwai allurar fluphenazine da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Bayan tashin ciwon na farko ana ci gaba da magani aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu, da yawa kuma sai fiye da haka.

Alamun dawowar ciwon kan fara ne da barci. Dare biyu ko uku ba runtsawa, ya koma kulle kansa a ɗaki, yana murmushi shi kaɗai, ko ya ƙi tuwon gida wai an sa masa wani abu: a koma asibiti a wannan makon. A kuma lura da abokansa, domin wiwi da tiramadol kan warware aikin wata shida.

Tambaya: Ƙanena yana cewa yana jin muryoyi suna zaginsa, kuma wai maƙwabta na shirya masa makirci. In na musa masa sai ya fusata. An ba mu shawarar kai shi gidan mari. Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari.

Amsa: Malam, muryar nan yana jin ta kamar yadda yake jin taka, shi ya sa gardama ba ta kai ku ko'ina. Kada ka musa, kada kuma ka gaskata. Ka ce masa, "Ni ban ji ba, amma na ga abin yana damunka." Ka yi magana a hankali, gajeru-gajeru, mutum ɗaya ke magana, kuma kada a yi raɗa a gabansa. Ka tambaye shi kai tsaye me muryar ke cewa. In tana umartarsa ya cutar da kansa ko wani, a kawar da wuƙaƙe, igiya, fiya-fiya da tarin ƙwayoyi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Mari da bulala ba sa kashe muryoyi, sai dai su bar gyambo a ƙafa su kuma tabbatar masa da zarginsa cewa ana farautarsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan majinyata. Addu'a da rukiyya ba su hana shan magani, a haɗa su. Akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna.

Tambaya: Ina shan magani, na samu sauƙi. Zan iya yin azumi? Daga wata ɗaliba, Samaru.

Amsa: Malama, da yawa suna yi lafiya lau. Ki ga likitanki tun a watan Sha'aban don a mayar da ƙwayoyin zuwa buɗa-baki da sahur, kada ki tsallake ko ki haɗa kaso biyu da kanki. Ki sha ruwa sosai da dare, ki riƙa miƙewa a hankali in Largactil kike sha, don yana sa jiri. Ki kuma tsare barcinki ko da za ki rage tsayuwar dare, in ya fara gagara kwana biyu a jere ki koma asibiti.