Ƙanena ɗan baya ya zaga ƙasa uku cikin shekara huɗu: ci gaba ne ko yawon banza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Ƙanena lamba biyar yake bugawa, shekararsa 24. Cikin shekara huɗu ya yi wasa a ƙasa uku, kuma kulob ɗin da yake ciki yanzu ya riƙe masa albashin wata uku. Ga wani ejan, wato dillalin 'yan wasa, ya zo masa da maganar ƙasa ta huɗu. Hajiyarmu ta ce yaron nan ba shi da zama, ya dawo gida ya kama kasuwa. Me za mu ce masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya bar zumunci. Ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta a kan yawan ƙasashe. Ni abin da ya tsaya min a wasiƙarka shi ne wata ukun nan, kuma zan zo kansa.

Duk wanda ya san ƙwallon Kamaru ya san Rigobert Song. Daga Tonnerre ta Yawunde ya tafi Metz a Faransa, ya leƙa Salernitana a Italiya, ya shiga Liverpool da West Ham a Ingila, aka ba da aronsa Köln ta Jamus, ya koma Faransa a Lens, ya ƙare a Turkiyya tsakanin Galatasaray da Trabzonspor. Ƙasashen waje biyar ke nan. Mutumin ya buga wa Kamaru wasa 137, ya je gasar cin kofin duniya sau huɗu. Ba wanda ya taɓa cewa Song ba shi da zama.

Sai dai Song daga sama ya fara yawonsa. Wanda ya fi kama da ƙanenka shi ne Michael Ngadeu. Ya yi ta gwagwarmaya a ƙananan ƙungiyoyin Jamus ba wanda ya san da shi, har a 2014 ya koma Botoșani ta Romaniya, garin da ko a majalisar 'yan ƙwallo da wuya ka sami mai nuna maka shi a taswira. Shekara biyu ya yi can yana wasa kowane mako. A 2016 Slavia Prague ta ɗauke shi, a 2017 shi ya fara zura wa Gana ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe a Gabon, shekarar da Kamaru ta ɗauki kofin Afirka. Daga nan Gent ta Beljiyam a 2019, sai Beijing Guoan ta Sin a 2023. Ku ma a nan Garwa kun ga Ambroise Oyongo a filin Roumdé Adjia da rigar Coton Sport kafin ya wuce New York, Montreal da Montpellier.

Me ya sa yawon ya fi yawa ga 'yan baya? Mai cin ƙwallo hajarsa a fili take, bidiyon minti biyu a waya ya isa ya tallata shi. Aikin ɗan baya kuwa shi ne abin da bai faru ba: ƙwallon da ya tare tun kafin ta zama haɗari, gurbin da ya toshe ba wanda ya lura. Don haka ƙananan kulob ba sa zuba kuɗi mai nauyi a kansa. Sukan neme shi ne in nasu ya ji rauni ko suna tsoron faɗuwa rukuni na biyu, su ba shi kwantiragin shekara ɗaya, wani lokaci ma wata shida. Ga kuma ƙayyade baƙi. Ƙasashe da yawa sun iyakance yawan baƙin da kulob zai yi wa rajista, shugaban kulob kuma ya fi son ya kashe gurbin a kan mai zura ƙwallo. In koci ya canja, sabon yakan zo da 'yan bayan da ya yarda da su, domin lamba huɗu da lamba biyar da gola sai da magana suke aiki, baƙon da bai iya yaren ba shi ake fara sallama. A nan Faransa ta fi mana sauƙi: baƙi huɗu daga wajen Tarayyar Turai aka yarda wa kulob a babban rukuni, amma bisa tsarin da ya samo asali daga yarjejeniyar Kwatano ta 2000 tsakanin Turai da ƙasashenmu, ba a lissafa ɗan Kamaru ko ɗan Cadi cikinsu. Ingila kuwa tun 2021 yawanci sai da maki, ana duba wasannin da ka buga wa ƙasarka da darajar gasar da ka fito.

To da me za ka auna yawon ƙanenka? Kada ka ƙirga ƙasashe, ka ƙirga wasannin da aka fara da shi. Yaron da ya buga wasa 25 a ƙaramar gasa ya fi wanda ya yi kaka guda yana ɗumama benci a babba, ko da na biyun ya fi shi kyawun hoto a Facebook. Sa'an nan ka duba yadda yake rabuwa da kowane kulob: sayensa ake yi, kwantiragi ne ke ƙarewa, ko kuwa kullum da rigima? Shekara 24 ba tsufa ba ne ga mai tsaron baya. Wannan gurbi da hankali ake riƙe shi, yawanci sai an doshi talatin ake nuna.

Yanzu albashin. Dokar FIFA, sashe na 14bis, ta ce in kulob ya riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, yana da damar raba gari da shi, amma da sharaɗi: sai ya rubuta musu takardar gargaɗi ya ba su aƙalla kwana 15 su biya duka. A nan yaranmu ke faɗawa rami. Rai ya ɓaci, ya tattara jakarsa ya bar masauki ba takarda, washegari kulob ya rubuta cewa shi ya gudu, mai bin bashi ya koma wanda ake bi. Ka gaya masa ya ci gaba da zuwa atisaye ko da sun tura shi cikin yara don su ƙuntata masa, ya riƙa ɗaukar hoto, ya adana takardun banki da duk saƙon da suka yi. In sun ƙi biya, ƙara tana zuwa kotun ƙwallo ta FIFA, kuma ba a karɓar ƙarar da ta wuce shekara biyu. Ƙungiyar 'yan wasan Kamaru, SYNAFOC, tana cikin FIFPRO, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, ya neme su kafin ya aika takardar, don kalma ɗaya in ta karkace tana iya ɓata shari'a.

Akwai tarkon da ya kamata ya sani. Ranar da ya matsu ya tafi, za a iya kiransa ofis, a ajiye masa takarda shafi ɗaya cikin yaren da ba ya karantawa, a ce sa hannu kawai mu sake ka. Sau da yawa a layin ƙasa an rubuta cewa ba ya bin kulob ko sisi. Kada biro ya taɓa ta sai wani nasa ya fassara masa.

Shi kuma ejan, a tambaye shi lasisinsa na FIFA, ana iya duba sunansa a intanet. Kulob na gaskiya takardar gayyata yake aikowa da tambarinsa, ba ya cewa iyaye su sayar da saniya ko fili su tura sefa don biza. In ka ji an ce a shiga da bizar yawon buɗe ido, gwaji zai biyo baya, to ka ja baya. Fasfo kuma ya zauna a aljihun mai shi, kada ya ba kowa ajiya. Takardar canjin sheƙa ta ƙasa da ƙasa ba ejan ke kawo ta a hannu ba, hukumar ƙwallon ƙasar da yake wasa yanzu ce ke tura ta ga sabuwar ta na'urar FIFA. Ya kuma tuna cewa a kaka ɗaya kulob uku kaɗai za su iya yi masa rajista, biyu kacal zai buga wa wasan hukuma. In ya riga ya buga wa biyu a bana, zai iya zuwa ƙasa ta huɗun ya zauna kallo har kaka ta ƙare.

Da ni ne yayansa, ba zan ce ya dawo kasuwa yanzu ba, ba kuma zan bar shi ya bi ejan a wannan watan ba. Ka kira shi yau, ya turo maka hoton kwantiraginsa shafi-shafi, ka duba ranar da zai ƙare. In saura wata shida ko ƙasa da haka, doka ta ba shi damar sa hannu da wani kulob tun yanzu, ba tare da ya yafe ko dala daga cikin kuɗinsa na wata ukun ba.