Madugu, Faci da Kumbo: Amsa ga Masu Sauya wa Wasannin Kwamfuta Kama

Tambayoyin wannan mako duk daga gida ɗaya suka fito, wato daga wasu matasan Aboabo da Asawase a nan Kumasi, waɗanda ke da zaure a Discord, manhajar hira ta intanet, inda suke sauya wa wasannin kwamfuta kama, su kuma kwana suna gardama a kan labaran sararin samaniya. Sun ce suna so su rubuta dokokin zaurensu da Hausa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa na ajiye sauran wasiƙu na fara da tasu.

Tambaya: Malam, ni aka ɗora wa kula da zauren, ni ke share maganar banza, ni ke raba faɗa. Abokaina "admin" suke ce mini. Da Hausa wani ya ce sarki ne ni, wani ya ce alƙali. Wanne ne daidai?

Ɗana, babu ko ɗaya. Sarki naɗa shi ake yi da rawani, yana da fadawa da talakawa, alhali mutanen zaurenka da ƙafarsu suka shigo, kuma ranar da suka gaji da kai da ƙafarsu za su fita ba tare da sallama ba. Alƙali kuwa zaune yake sai an kawo masa ƙara, kai kuma aikinka shi ne ka hango rigimar tun tana hayaƙi. Kalmar da kake nema tana cikin tarihin unguwar da kake kwana a cikinta, kuma ina mamakin yadda ɗan Zango zai tsallake ta ya tafi ara a wurin Bature. Zango asalinsa wurin da ayari ke sauke kaya ya huta, kuma kakannin da yawa daga cikinmu fataken goro ne da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, suna kawo kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, suna komawa da goron dajin Asante. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mutanenta zuwa Kete Karachi da Kumasi da Accra da sauran garuruwa. Kowane ayari yana da madugu, wanda ake yi wa kirari da uban tafiya. Shi ne ke cewa a tashi ko a sauka, shi ke sasanta fatake idan jakin wani ya ɓarnata kayan wani, shi ke magana da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, kuma ikonsa bai wuce yardar da matafiya suka ba shi ba, domin wanda bai gamsu da shi ba, baɗi sai ya bi wani ayarin. Ka duba da kyau ka gaya mini ko ba aikinka ba ke nan. Wanda ya fi kowa sanin sirrin wasan, wanda sababbin shiga ke tambaya inda za su ajiye fayil, shi ne jagaba, mai shiga gaba ya nuna hanya. Mai rubuta dokoki da ajiye sunayen waɗanda aka gargaɗa kuwa, shi ne malamin ayari. Idan kuna rubuta wa baƙo takarda, "mai kula da zaure" ta wadatar, ba ta da aibi, sai dai ba ta da gishiri. Tun da kuma ka yi ƙorafin cewa kowa kai yake zagi, ka tuna an ce babba juji ne, kowa ya share ɗakinsa can zai kai.

Tambaya: Abin da muke yi, wanda ake kira "mod", mun fassara shi da "gyara". Ya yi?

Bai yi ba, kuma wannan ɗabi'a ta ɗora wa "gyara" kowane irin kaya tana cikin abubuwan da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ana gyara abin da ya lalace ne ko ya karkace. Yaron da ya sa trotro, wato motar haya, mai zuwa kasuwar Kejetia a cikin wasan tuƙin mota, ko ya ɗinka wa 'yan wasan ƙwallo jar rigar Asante Kotoko, bai tarar da wani abu a lalace ba, sha'awarsa ce ya shigar. Turanci ya tara ayyuka huɗu a ƙarƙashin kalma ɗaya, Hausa kuwa tana da sunan kowanne, don haka babu dalilin da zai sa mu talauta kanmu don mu yi daidai da shi.

Idan kuskure ne a cikin wasan aka toshe, wannan faci ne, kalmar da muka karɓa daga Ingilishi ta hannun masu facin taya, ta kuma zauna daram. Tsohuwar kalmarmu ita ce maho, ƙyallen da ake ɗinkawa a kan hujin riga, kuma da zan so a farfaɗo da ita, amma na san yaƙin da ba zan ci ba. Idan launi ne aka sauya, ko tufafi, ko fuskar ɗan wasa, alhali dokar wasan tana nan yadda take, wannan kwaskwarima ce, domin kwaskwarima ba ta wuce fata. Idan sabon gari aka shigar, ko sabon makami, ko sabuwar mota, wannan ƙari ne. Idan kuwa an kwance wasan ne har ƙashinsa aka sake ɗaura wani abu dabam a kan injinsa, to an yi masa garambawul, kalmar makanikai ta sauke inji gaba ɗaya a sake haɗa shi.

Tarihin sana'ar taku da kansa yana goyon bayan wannan rabe-rabe. Kamfanin id Software da ya fitar da Doom a ƙarshen 1993 ya ware hotuna da taswirori da sauti a fayil dabam da injin wasan, don haka kowa ya samu damar yin ƙari da kwaskwarima ba tare da ya taɓa injin ba. Counter-Strike kuwa, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka fitar a 1999, garambawul ne aka yi wa Half-Life, har kamfanin Valve ya saye shi ya mai da shi wasa mai zaman kansa. Haka Dota ta fito daga taswirar da masu wasa suka ƙera a cikin Warcraft III. Wanda ya kira waɗannan "gyara" ya rage musu daraja. In kuna son suna ɗaya da zai rufe duka huɗun, ku ce sauyi, mai yin sa kuma mai sauyi.

Tambaya: Na gaya wa wani cewa sauyin da ya ɗora yana kashe wasan, sai ya fusata ya ce hassada nake yi masa. Wani dattijo ya ce in ce masa "gyara kayanka". Mene ne cikon maganar?

Cikonta shi ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ita ma daga hanyar fatauci ta fito: kana tafe a bayan mutum, ka ga kayan da ke kan jakinsa sun karkata za su zube, ka yi masa magana, wannan ba ya nufin kana neman kaso a ciki. Ka lura cewa a nan "gyara" ta zauna a gurbinta, domin kayan sun karkace da gaske. Amma karin maganar tana da sharaɗin da masu jefa ta suke mantawa, wato mai faɗin ta ya kasance da gaske ba ya son komai a cikin kayan. Idan kai ma kana da naka sauyin da ke takara da nasa, to bakinka bai dace da ita ba, gara ka sa jagaba ya faɗa masa.

Tambaya: Yaya za mu rubuta matakan hukunci?

Jan kunne, sannan kulle baki na kwana kaza, sannan dakatarwa, sannan kora. Kada ku rubuta "an yi banin ɗinsa", wannan ba harshen kowa ba ne.

Tambaya: Wace karin magana ce ta dace da mai sauyi da ke wahala kyauta, kamfani kuma yana ƙara cinikin wasansa saboda wahalarsa?

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gardi shi ne mai wasa da kura a kasuwa, ita ake duka tana rawa, shi ake miƙa wa kyauta. An taɓa gwada raba kuɗin: a watan Afrilun 2015 Valve da kamfanin Bethesda suka buɗe sayar da sauye-sauyen wasan Skyrim a Steam, kasuwar wasanni ta intanet, kason mai sauyi kashi 25 cikin ɗari, amma masu wasa suka yi ca, ba a cika mako guda ba aka janye tsarin. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ta da ƙura shi ne yadda aka ga ana sayar da sauyin da ke ɗauke da aikin wani ba da izininsa ba. Saboda haka in kun sa dokar ambaton sunan mai asalin aiki, tana da tushe, kuma kuna iya rubuta a ƙarƙashinta cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Labaran da muke karantawa na tafiya duniyar Mas da na zamanin da bai zo ba, yayana ya ce tatsuniya ce kawai, halittun cikinsu kuma aljanu ne. Haka ne?

'Yata, yayanki ya haɗa abubuwan da Bahaushe ya daɗe da rabawa. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ƙofar fita, daga "ga ta nan, ga ta nan ku" zuwa "ƙurunƙus", kuma a tsakaninsu babu mai tambayar dalilin da ya sa Gizo yake magana da sarki. Irin labaran da kuke karantawa kuwa a kan dalili suka tsayu. Marubucin yana ɗaukar wani abu da ilimi ya tabbatar ko yake hasashe, ya ce a ƙaddara an kai shi matuƙa, to me zai sami mutane? Mai karatu yana da haƙƙin ya kama shi da kuskure, kuma rabin gardamar zaurenku ke nan. Almara ta fi kusa, domin tsohuwar almara takan ƙare ne da tambayar da ake bar wa masu sauraro su yi ta musu, irin ta "a cikin ukun nan wa ya fi gwaninta". Don haka ni "almarar kimiyya" nake cewa, ko da yake 'yan jarida sun fi son "ƙagaggen labarin kimiyya", wadda daidai ce amma ta yi wa baki tsawo.

Batun aljanu kuwa kuskure ne mai nauyi. Aljani abu ne da Musulmi ya yi imani da samuwarsa, ba ƙagen marubuci ba, kuma wanda ya kira halittar wata duniya aljani ya shigar da aƙida cikin abin da ba nata ba, daga nan sai zaure ya rikiɗe ya koma wa'azi da raddi. Ku ce baƙin halittu. Ki kuma gaya wa yayanki cewa wannan fanni ba baƙo ba ne a Hausa, domin tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka aka zaga da shi sararin samaniya. Taron masu son irin waɗannan labarai ma ya girmi kwamfuta: mujallar da Hugo Gernsback ya kafa a Amurka a 1926 takan buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, sai suka fara rubuta wa juna, har suka yi babban taronsu na farko a New York a 1939, inda masu shirya taron suka hana wasu mutum shida shiga saboda saɓani. Madugunku ya kwantar da hankalinsa, ba a kansa aka fara kora ba.

Tambaya: Me ya sa ake ce wa jirgin sama jannati "kumbo"?

Kumbo mazubi ne irin na ƙwarya ko tasa, kuma siffar abin ce ta jawo masa sunan. Ki gyara tambayarki kuma: ɗan sama jannati shi ne mutumin, kumbo shi ne abin hawansa. Tafiyar kumbon Apollo 11 zuwa wata a Yulin 1969 ta bar mana wata kalmar ma, domin a shekarar ce annobar jan ido ta ɓarke a nan Ghana, mutane suka laƙaba mata sunan kumbon, kuma har gobe daga Kumasi zuwa Kano ciwon Afolo ake cewa.

Tambaya: Wanda ya haddace komai na wani labari, ba ya son a kushe shi ko kaɗan, masoyi ne ko magoyin baya?

Magoyin baya na ƙwallo ne da siyasa, inda akwai abokin hamayya. Mai karatu da kallo a natse ma'aboci ne. Wanda ka siffanta kuwa ɗan gani-kashe-ni ne.

Tambaya: Na sa sauyi goma a lokaci ɗaya, kwamfuta na ya mutu. Akwai karin magana a kan wannan?

Akwai: taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Sai dai kafin ka nemi karin magana ka nemi jinsin kalma. Na san a bakin Zango mun daɗe da sakin bambancin namiji da mace, har mutum ya ce "mata na ya zo" ba wanda ya ɗaga kai, kuma ba na bin kowa da bulala a kan hirar bakin titi. Amma tun da dokoki za ku rubuta waɗanda ɗan Zariya da ɗan Damagaram za su karanta, to kwamfuta mace ce, sai ka rubuta "kwamfutata ta mutu". Ka cire sauye-sauyen duka, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka gano waɗanda ba sa ga maciji da juna.