Ƙurajen Leɓe Bayan Zazzaɓi: Shin Zazzaɓin Ne Yake Fita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Duk lokacin da na yi zazzaɓin cizon sauro sai wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso mini a gefen leɓe, kuma kullum a wuri ɗaya suke fitowa. Surukata ta ce zazzaɓin ne yake fita, kada in damu. Yanzu ina jego, jaririna makonsa biyu, ga shi sun sake fitowa. Shin maganarta haka take, kuma akwai abin tsoro ga yaron?
Daga wata mai karatu a Gwaram, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Surukarki ta lura da gaskiya cewa ƙurajen suna biyo bayan zazzaɓi, sai dai ba zazzaɓin ne yake fita ba. Wata ƙwayar cuta ce daban, bairos da ake kira hapis simfiles nau'i na 1, wadda ta daɗe a jikinki, wataƙila tun kina ƙarama, zazzaɓin ne kawai ya tashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ba su kai shekara 50 ba suna ɗauke da ita, don haka ba abin kunya ba ne.

Fitowarsu a wuri ɗaya yana da dalili, kuma dalilin yana cikin jijiya. Wannan ƙwaya ba ta iya shiga kowane tantanin jiki, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina jiki da su, yadda ta ga dama. Kamar bafatake take, wanda ba ya sauka a gari sai inda yake da mai masauki. A saman fatar ƙwayar akwai furotin da masana suka laƙaba wa gD, kuma sai ya haɗu da furotin da ya dace da shi a jikin tantanin mutum kafin wasu furotin nata su narkar da fatarta da ta tantanin su zama ɗaya, ta zuba abin da ke cikinta. A shekarar 1996 masu bincike a Amurka suka gano ɗaya daga cikin masu karɓar nan, HVEM, sannan a 1998 aka gano nektin-1. Ainihin aikin nektin-1 a jikinmu shi ne manne tantani da ɗan'uwansa, kuma yana nan a fata, yana nan a jijiyoyi. Shi ya sa ƙwayar da ta shiga ta leɓe take samun karɓa a bakin jijiyar da ke kai saƙon zafi da taɓawa daga wurin.

Daga nan sai ta bi cikin jijiyar ta koma har wani curin jijiyoyi da ke cikin ƙoƙon kai, kusa da kunne, ta kwanta shiru iya rayuwar mutum. Idan zazzaɓi, ko zafin rana a gona, ko gajiya, ko raunin garkuwar jiki ya zo, sai ta farka ta biyo jijiyar da ta shiga ta cikinta, ta fito inda ta saba. Ƙaiƙayi ko zugin da kike ji kafin ƙurajen su bayyana, alamar tahowarta ce.

Maganar jaririn ita ce ta fi damuna. Garkuwarsa ba ta yi ƙwari ba, kuma a makonnin farko ƙwayar tana iya kaiwa ga hanta da ƙwaƙwalwarsa. Tun da kin daɗe da ita, ya samu wata kariya daga jikinki, amma kada a dogara da wannan. Kada ki sumbace shi har sai ƙurajen sun bushe sarai, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi, kuma ki ci gaba da ba shi nono muddin babu ƙurji a kan nonon. 'Yan barka masu ƙurajen leɓe su ma haka, su yi masa addu'a ba tare da sumba ko tofi ba. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya saki, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a kai shi asibiti a ranar.

Maganin acyclovir yana rage tsawon ciwon idan an fara shi da wuri, amma ba ya fitar da ƙwayar daga maɓoyarta. Kada ki taɓa ƙurjin ki sosa ido, domin ƙwayar tana iya lalata gani. Ga manya ma, jefi-jefi takan kumbura ƙwaƙwalwa, mutum ya yi zazzaɓi da ruɗewa da sambatu da jijjiga, har a ɗauka iskokai ne. Kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna rasuwa, saboda haka mai irin waɗannan alamomi a garzaya da shi babban asibiti irin na tarayya da ke Birnin Kudu, inda za a iya ba shi acyclovir ta ƙarin ruwa.