Hotunan taswira daga sama: kashi nawa za su hau juna?

Tambaya: Na ɗauki hoton wani fili mai tudu da bishiyoyi ta amfani da jirgi marar matuƙi. Na sa hotunan su hau juna da kashi 70 cikin 100, ta gaba da ta gefe, amma taswirar ta fito da giɓi a kan tudun. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kashi 70 ɗin nan bai kai kan tudun ba. Manhajar tsara tashi tana yin lissafinta ne daga inda jirgin ya tashi, kamar duk filin a shimfiɗe yake.

A ce jirgin yana mita 100 a sama, kowane hoto yana ɗaukar faɗin mita 150. Kashi 70 na nufin tazarar mita 45 tsakanin layi da layi na hanyar da jirgin ke bi. To, tudu mai mita 30 da bishiyar mita 10 a kansa sun rage nisan zuwa mita 60. Faɗin hoton ya koma mita 90, tazarar layukan kuwa tana nan yadda take. Abin da ya rage maka kashi 50 ne kacal, kuma a kan ganye, wanda iska ke kaɗawa tsakanin hoto da hoto. Ita manhajar haɗa hotuna so take ta gane abu guda, ko dutse ko kusurwar rufi, a hotuna da dama. Idan ta rasa, sai ta bar wurin a buɗe.

Kamfanin Pix4D, mai yin manhajar haɗa hotuna, yana ba da shawarar aƙalla kashi 75 ta gaba da 60 ta gefe a fili na yau da kullum, sai 85 da 70 a daji mai duhuwa. Ni da zan koma filinka, 85 da 80 zan sa, in ƙara tsayin tashi, in kunna tsarin bin yanayin ƙasa, wanda ke sa jirgin ya riƙa hawa da sauka daidai da tudu da kwari, idan manhajar tana da shi. Idan babu, ka tashi jirgin daga kan tudun.

Ka ƙara hawan gaba hankalinka kwance, domin layukan ba sa ƙaruwa, sai dai hotuna su yi yawa, kuma ka rage gudu kada kyamara ta kasa binka. Na gefe shi ke cin batir: daga 60 zuwa 80, yawan layukan ninkawa yake yi. Idan akwai tafki a filin, komai yawan hawan ba zai haɗa tsakiyar ruwa ba, sai ka tabbata gaɓa ta fito a cikin kowane hoto.